Chevelle ta 1970 mai injin 350 tana shan baƙin mai fiye da kima: a sauke inji ko a fara awo?

Mai Chevelle

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin kafireto. Motar Chevrolet Chevelle ce ta 1970, injin V8 na 350, wato lita 5.7, wanda kamfani ya rubuta masa ƙarfin doki 300. Kafireton Rochester Quadrajet ne, giyabos otomatik TH350, wutar kuma har yanzu ta filatinan ce. Motar tana Houston a Amurka. Takardun da suka zo da ita sun nuna an taɓa cire tof silinda biyun an shafe fuskarsu a inji, an sa manifol na alminiyum, an kuma canza murafen bawul zuwa masu ƙyallin nan.

Tana shanye kwat ɗaya na baƙin mai, kusan lita ɗaya ke nan, a cikin mil 300. Da safe idan aka tayar da ita sai hayaƙi shuɗi ya fito na ɗan lokaci ya ɗauke. Idan ta daɗe a silo a danja, ana taka totur sai ta sake tumbatso shi. Silon ba ya zama wuri ɗaya, kuma a hawan gada ana jin ƙarar kyas-kyas daga injin. Ƙasan inda take kwana ba mai sosai, ɗigo biyu ko uku ne. So nake a saita ta ta dawo da ƙarfinta, amma shan man nan ya tsaya mini a rai. Ta ina zan fara?

Sarkin Ringi

Wa alaikumus salam. Malam, inji mai shekara sama da hamsin da ke shan lita a kilomita 480, ringi ne. A sauke shi, a duba silinda, idan ta ci a yi boriya zuwa 0.030 na inci, a sa sabon fistin da ringi da metal, a huta. Duk wani abu ɓata lokaci ne.

Baba Kafireto

Sarkin Ringi, Allah ya huci zuciyarka, amma ban yarda a sauke injin da ba a sa masa geji ko ɗaya ba. Ka sake karanta alamomin da ya lissafa. Ringin da ya mutu hayaƙinsa yana fitowa ne lokacin da injin yake ɗauke da kaya, an taka totur ana hawa, kuma za ka ga tururin mai yana huci ta murfin bawul. Hayaƙin safe da na bayan dogon silo kuwa, baƙin mai ne da ke shiga ta sama. Lokacin da totur yake rufe, fistin yana jan iska amma ƙofa a kulle, sai zuƙar da ke cikin manifol ta yi ƙarfi, ta jawo mai ta duk kafar da ta samu: ta jikin sandar bawul, ta tiyon PCV (ɗan bawul ɗin da ke zuƙe tururin cikin inji daga murfin bawul zuwa gindin kafireto), ko ta gasket ɗin manifol.

Mai Chevelle, ka ajiye maganar saiti tukuna. Baƙin mai idan ya shiga ɗakin ƙuna yana rage wa fetur juriya, shi ke kawo wannan kyas-kyas ɗin, kuma yana tara gawayi a kan fistin. Ba nokin da muke faɗa a gareji ba ne, wanda inji ke kamewa. Wannan fetur ne ke fashewa da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi, kuma idan aka bar shi yana karya bakin fistin inda ringi ke zaune. Ka ga ke nan ringin da Sarkin Ringi ke zargi, ko yau lafiya lau yake, zai iya mutuwa gobe idan aka ci gaba da taka motar a haka.

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ka juye man gaba ɗaya, ka canza filta, ka zuba kwat biyar cif, wanda shi ne awon samf na asali tare da filta. Ka tayar minti biyu, ka kashe, ka jira minti goma, ka duba sandar awo. Idan kwat biyar bai kai alamar cika ba, sandar ba ta injin ba ce, kuma duk wanda yake bin ta yana cika mai fiye da kima. Man da ya yi yawa kiranshaf ke kaɗa shi ya watsa jikin silinda fiye da abin da ringin mai zai iya sharewa. Bayan haka ka cire fulogi takwas ɗin ka jera su a kan kwali da lambarsu. Ɓangaren direba 1, 3, 5, 7 daga gaba, ɗaya ɓangaren 2, 4, 6, 8. Ka faɗa mana wanne ya jiƙe, wanne ya bushe.

Ɗan Damagaram

Ina goyon bayan Baba. Ƙari ɗaya, tunda giyar TH350 ce. A jikin giyabos ɗin, ɓangaren dama ta baya, akwai wani ɗan gwangwani mai fata a ciki da ake kira modileta, tiyonsa yana zuwa manifol. Idan fatar ta huje, injin yana zuƙe man giya ya ƙone shi, hayaƙin ya fi karkata zuwa fari, kuma fulogin da ke kusa da inda tiyon ya shiga su ne ke jiƙewa. Ka zare tiyon daga gwangwanin. In ka ga jan mai a ciki, an gano ɓarawo ɗaya. Ka kuma duba ko man giya yana raguwa.

Sannan ka shinshina sandar awon baƙin mai. Famfon fetur na wannan injin a jikin bulo yake, kamshaf ke tura shi. Idan fatarsa ta tsage, fetur yana gangarawa samf ya tsinka man, man da ya tsinke kuma wucewa yake yi ta ko'ina.

Injiniyan Kaduna

Murafen bawul masu ƙyalli da ya ambata su suka fi ɗaukar hankalina. Da yawa daga cikinsu ba su da farantin da ke tare mai a ƙarƙashin ramin PCV. Rokas suna watsa mai a cikin murfin kamar ruwan sama, PCV kuma yana zuƙa kai tsaye zuwa gindin kafireto. Ka zare PCV ɗin ka leƙa ramin da tocila. Idan kana hango roka da sifirin ba tare da wani ƙarfe ya tare ba, babu farantin. Ka sa yatsa cikin tiyon, ya kamata ka ji danshi kaɗan kawai, ba mai yana ɗiga ba.

Game da awo kuwa, ga yadda za a yi shi ya ba da gaskiya. Injin ya yi zafi, a cire fulogi duka, a cire wayar kwayil, a buɗe totur da cok gaba ɗaya a ɗaure, batir ya kasance da caji. Kowace silinda a bar ta ta buga sau biyar ko shida, a rubuta. Abin dubawa shi ne kada mafi ƙanƙanta ta gaza mafi girma da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake. In ta haura sosai ringi ne, in ba ta motsa ba bawul ne ko gasket.

Sai dai akwai abin da nake so Sarkin Ringi da Baba su duka su riƙe. Awon matsi ringi biyu na sama yake gwadawa. Ringin mai, na uku, zai iya maƙalewa da gawayi a ramin fistin, injin ya ba da matsi mai kyau kuma yana shan mai. Har ma man da ke jikin silinda yakan taimaka wajen ɗaga lambar. Don haka lamba mai kyau ba ta wanke ringi ɗari bisa ɗari ba. Shi ya sa ake haɗawa da awon yoyon iska: fistin a ƙololuwa, bawul biyu a rufe, a hura iska mai matsin psi 100 (psi ma'aunin matsi ne) ta ramin fulogi, a ga kashi nawa ke tserewa, a kuma saurara. Huci a kafireto bawul ɗin shiga ne, a salansa na fita ne, a ramin zuba mai ringi ne, kumfa a lagireto gasket ɗin tof silinda ne.

Sarkin Ringi

To, Injiniya ya faɗi abin da nake nufi. Ringin mai shi ne matsalar motocin da ke ajiye wata da watanni ba a hawa. Amma na amince a auna ɗin. Kafin nan dai ya zuba baƙin mai mai kauri na 20W-50 da kwalbar maganin hayaƙi, shan zai ragu.

Baba Kafireto

Maganin hayaƙi ban ba shi shawara ba. Kauri kawai yake ƙara wa man, ya ɓoye alamar da muke bi. Da safe kuma man mai kauri yana jinkirin hawa zuwa rokas. A bar man da yake ciki har a gama awo, kada a canza abu biyu lokaci ɗaya.

Mai Chevelle

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga sakamako.

Kwat biyar ya tsaya daidai kan alamar cika, don haka sandar ta gaskiya ce. Man ba ya warin fetur. Tiyon modileta a bushe yake. Fulogi na 5 da na 7 sun jiƙe sharkaf da baƙin mai har zaren su, na 8 ma da ɗan dama, sauran suna da busasshen gawayi mai launin toka a gefe ɗaya. PCV ba faranti a ƙarƙashinsa, tiyon yana ɗigar mai.

Matsi a psi: 1 ya ba da 172, 3 ya ba da 168, 5 ya ba da 175, 7 ya ba da 176, 2 ya ba da 170, 4 ya ba da 166, 6 ya ba da 169, 8 ya ba da 171. Yoyon iska tsakanin kashi 8 da 12 ne duka, hucin kaɗan ta ramin zuba mai. Gejin zuƙa a silo yana nuna inci 15, allurar tana ɗan lilo a hankali tsakanin 14 da 16. Matsin baƙin mai da zafi psi 22 a silo, 45 a kan hanya.

Injiniyan Kaduna

Madalla, yanzu ana iya magana. Tsakanin 166 da 176 bambancin bai kai kashi 6 ba, yoyon kashi 8 zuwa 12 kuma ga tsohon inji abin a gode ne. Matsin man ma ya wuce ƙa'idar da ake bi ta psi 10 ga kowane juyi 1000 a minti, wato metal da famfon mai suna nan da ransu. Ku lura 5 da 7 da suka fi jiƙewa su ne suka fi matsi, man ne ke toshe musu kafa.

Abin da bai yi mini ba shi ne inci 15. Houston kusan daidai take da teku, don haka ba a rage komai saboda tsayin ƙasa. Injin 350 mai kamshaf na asali ya kamata ya ba da 17 zuwa 21, allura a tsaye cik. Ko taimin ya yi baya, ko iska na shiga ta wani wuri. Kuma 5 da 7 maƙwabta ne, hanyoyin shigarsu a manifol manne suke da juna. Silinda biyu maƙwabta sun jiƙe, an taɓa shafe tof silinda, an sa manifol na waje: wannan gasket ɗin manifol ne ke yoyo ta ƙasa.

Ga dalili. A wannan injin manifol shi ne murfin kwarin da ke tsakiyar V ɗin, inda tafet da sandunan tura rokas suke, mai yana watsuwa a wurin kullum. Idan aka shafe fuskar tof silinda, kan yana sauka ƙasa kuma yana matsowa ciki, sai manifol ya zauna sama da inda ya kamata. Gefen gasket na sama ya matsu, na ƙasa da ke fuskantar kwarin ya saki. Daga waje ba za ka ga komai ba. Ko ka fesa mai wanke kafireto a gefen manifol silo ba zai canza ba, domin kafar tana ciki.

Gwajin da zai tabbatar: zare PCV, toshe tiyonsa ta ɓangaren kafireto, toshe ramukan murafen bawul biyun da kyau, ka haɗa gejin zuƙa a bututun sandar awon mai, ka tayar a silo na 'yan daƙiƙoƙi. Inji mai lafiya matsi kaɗan zai fara tarawa a ciki, saboda iskar da ke wuce ringi. Idan allura ta tafi ɓangaren zuƙa, to manifol ne ke jan iska daga kwarin. Kada ka bar shi ya daɗe a toshe, don kada matsi ya tura sil.

Ɗan Damagaram

Gawayin da ya taru a gefe ɗaya na sauran fulogin kuma aikin sil ɗin bawul ne da PCV. Ɓarayin uku ne, kowanne da rabonsa. Hayaƙin safe ba na gasket ba ne sosai, man da ya kwana a saman kan ne yake gangarowa ta jikin sandar bawul.

Mai Chevelle

An yi gwajin. Cikin daƙiƙa goma allura ta tafi inci 3 ɓangaren zuƙa ta tsaya. Baba, Injiniya, ku ba ni matakan aikin.

Baba Kafireto

Alhamdu lillahi, an kama bakin zaren. Ka juye ruwan lagireto tukuna, domin ruwa yana ratsa gaban manifol. Ka juya injin da hannu har lamba 1 ta zo ƙololuwar matsi, ka yi wa inda bakin rota yake kallo alama a jikin distiributa, ka yi wa jikin distiributan ma alama da manifol. Idan kana zare shi rota zai ɗan juya saboda haƙoran a karkace suke, ka yi wa wurin da ya tsaya alama ta biyu, daga nan za ka fara mayarwa. Kada a juya injin bayan an zare. Da ka ɗaga manifol ka shimfiɗa tsumma mai tsabta a kwarin, ka cusa takarda a hanyoyin shiga kafin ka fara kankare tsohon gasket.

Kada ka yar da tsohon gasket ɗin, karanta shi za ka yi. Inda ya matsu za ka ga sawun ƙarfe ya fito sarai, inda ya saki za ka ga mai ya bi ta kai ya yi hanya.

Sannan gwaji a bushe. Ka ɗora manifol a kan sababbin gasket ba tare da gam ba, ba kuma robobin nan biyu na gaba da baya. Ka leƙa ramukan noti: zaren da ke cikin tof silinda ya kasance a tsakiyar ramin. Ka sa gejin ganye a kusurwa huɗu, sama da ƙasa, ka ga ko tazarar ɗaya ce. Ka duba gaba da baya, dole a sami 'yar tazara tsakanin manifol da bangon bulo. Idan yana zaune a kan bangon, gefunan ba za su taɓa matsuwa ba. In bambancin ya yi yawa a kai manifol a shafe shi. Lissafin da masu injin shafa ke bi a wannan injin shi ne duk 0.010 na inci da aka cire a kan, a cire kusan 0.012 a kowane gefen manifol.

Robobin gaba da baya ka yar da su. Su ne suke ɗaga manifol, kuma sukan zame su fita. Ka wanke bangon ya bushe ƙarau, ka ja layin gam na silikon mai kaurin kwata na inci, ya hau kan kunnuwan gasket a kusurwa huɗu. Siririn shafi kuma a kewayen ramukan ruwa. Ka sauke manifol a miƙe sau ɗaya, ba ja da baya. Notin tsakiya suna ɓullawa cikin kwarin, a shafa wa zarensu gam na zare, in ba haka ba mai zai riƙa hawowa ya kwanta a saman manifol. Ɗauri daga tsakiya zuwa waje, a gicciye, a mataki uku, a ƙare a ƙarfin ɗauri na fam-ƙafa 25 tunda alminiyum ne. Na ƙarfen asali 30 ake ba shi. Bayan injin ya yi zafi ya huce sau ɗaya a sake bi. A canza baƙin mai kafin a hau hanya, domin ko yaya ruwa yakan zuba kwarin.

Ɗan Damagaram

Sil ɗin bawul kuma ba sai an cire kai ba. Ko a riƙe bawul da iska psi 90 zuwa 100, ko da igiya. Igiyar ta fi kwanciyar hankali, don ba ruwanta da ɗaukewar wuta ko zamewar tiyo. Fistin yana tahowa sama a bugun matsi, ka cusa igiyar nailan mai laushi ta ramin fulogi, ka bar jelarta a waje, ka juya injin da hannu a hankali har ta tokare bawul. Kafin ka matse sifirin ka ɗora soket a kan hular sifirin ka ɗan buga da guduma don makullan su saki. Ka toshe ramukan komawar mai da tsumma, makulli ɗaya in ya faɗa ciki aiki ya dawo sabo. Ramukan nan ma ka duba su, idan dauɗa ta toshe su mai yana taruwa ya nutsar da bakin gaid, wato bututun da sandar bawul ke hawa da sauka a ciki.

Sil na asali ɗan zoben roba ne da ke zama a tsagi na biyu na sandar bawul. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa shi kafin a matse sifirin. Hular tana sauka sai ta yanke shi ko ta ture shi. Daidai shi ne a matse sifirin da hular tukuna, a sa zoben da ɗan mai a tsagin ƙasa, a sa makullai a tsagin sama, a saki a hankali. Tsofaffin za ka tarar sun bushe suna karyewa kamar busasshiyar taliya. Ka ƙara da sil mai siffar lema a ƙarƙashin sifirin, ba ya buƙatar a yanka gaid. Ɗagawar kamshaf na asali 0.390 ne a shiga, 0.410 a fita, akwai wuri.

Sifirin yana cire, ka saki bawul ɗin ya ɗan sauka kaɗan ka girgiza sandar gefe da gefe. Tazarar kamfani ba ta kai 0.003 ba, da ƙyar hannu ke jin ta. Wanda yake kaɗawa a fili gaid ɗinsa ya ci, sabon sil zai yi 'yan watanni ne ya sake saki. Nan kam sai an cire kai. In har ta kai ga haka a sa wa bawul ɗin fita kujeru masu tauri, wato zoben da bakin bawul ke zama a kai, domin kan 1970 an yi shi ne don fetur mai dalma, wanda aka daina sayar wa motocin hanya a Amurka tun 1996.

Sarkin Ringi

Na karɓa, lambobin sun nuna ba a buƙatar sauke inji yanzu. Sharaɗina ɗaya: bayan aikin a cika mai daidai alama, a rubuta mil, a yi tafiyar mil 500 a sake aunawa a wuri ɗaya, mota a fili mai daidai. Injin wancan zamanin in yana shan kwat a mil 1000 zuwa 1500 ba a ɗauke shi mara lafiya ba. In har bayan gasket da sil da faranti yana nan a ƙasa da mil 600, to ringin mai ne, kuma zan dawo da maganata.

Saitin rokas kuma kada a yi shi da ka. Tafet ɗin na mai ne. Idan bawul ɗin fita ya fara buɗewa a saita na shiga na wannan silindar, idan na shiga ya kusa gama rufewa a saita na fita. A ɗaure noti ana ɗaga sandar turawa sama da ƙasa har wasan ya ƙare, a ƙara rabin juyi. Wanda ya wuce gona da iri bawul ba zai zauna ba, zuƙa ta faɗi, bawul ya ƙone.

Injiniyan Kaduna

Sharaɗin Sarkin Ringi daidai ne. Kan baƙin mai, abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne sinadarin ZDDP, wato haɗin zinki da fosfaras da ake sa wa man. Kamshaf ɗin nan da tafet masu shafaffen ƙasa suna gogar juna ne kai tsaye, zinki da fosfaras ɗin da ke cikin man su ke hana su cin juna. Man motocin zamani na 10W-30 zuwa ƙasa an taƙaita fosfaras ɗinsa a 800 cikin miliyan saboda na'urar tace hayaƙi. Wannan injin yana son wajen 1200. Da matsin psi 22 a silo, 10W-30 mai yawan zinki da ake yi don tsofaffin motoci ya isa. A zafin Texas 15W-40 ma ba laifi. 20W-50 sai in matsin ya faɗi.

Mai Chevelle

An gama. Tsohon gasket ba sawun matsi ko kaɗan a ƙasan 5 da 7, robar baya kuma rabinta ta zame ciki. Bayan an cire robobin manifol ya zauna daidai, ba a kai shi shafa ba. Zoben bawul shida a karye aka same su, gaid ba mai kaɗawa sosai. An sa murafe masu faranti da sabon PCV da sababbin fulogi. Hayaƙin safe ya ɗauke, zuƙa ta koma inci 17. Kyas-kyas ya ragu amma yana nan kaɗan a hawa. Saura saiti.

Baba Kafireto

To yanzu lokacinsa ya yi. Duk wanda ya saba da Fijo 504 ya san tsarin: wuta kafin fetur. Fulogi tazarar 0.035. Filatinan sabo 0.019, amma a wannan distiributan akwai 'yar taga a jikin hular, ka ɗaga ta injin yana aiki, ka sa makullin alan na 1/8, ka saita kusurwar rufewar filatinan a digiri 30 da mita. Wannan kafin taimin, domin duk digirin da ka canza a nan yana motsa taimin.

Kada ka yarda da alamar da ke kan fulin kiranshaf sai ka gwada ta. Zoben waje a kan roba yake zaune, da tsufa yakan zame. Ka ɗaura abin tokare fistin a ramin fulogi na 1, ka juya da hannu har ya tokare ka yi alama, ka juya baya har ya sake tokarewa ka yi alama. Tsakiyar biyun ita ce sifiri na gaskiya. Sannan ka auna kewayen fulin da tef ka raba goma, wannan tsawon shi ne digiri 36, ka yi masa alama da farin fenti.

Ka zare tiyon gwangwanin distiributa, wato wanda ke ƙara taimin da zuƙar inji, ka toshe. A silo ka fara da digiri 10. Ka ɗaga juyi a hankali kana haskawa har alamar ta daina tafiya, ya kamata ta tsaya wajen juyi 3000. Jimillar taimin da 350 ke so digiri 34 zuwa 36 ce, amma naka matsinsa 10.25 zuwa 1 ne, kan ƙarfe, an kuma shafe shi, ga ragowar gawayi. Ka tsaya a 32 da fetur mai lamba 93, in ba kyas-kyas ka ƙara biyu. Idan alamar tana tsalle ko tana maƙalewa, ka cire rota ka wanke ƙarafan nauyin da ke ƙarƙashinsa ka ɗan shafa musu mai.

Bayan haka kafireto. Matsin fetur psi 5 zuwa 6, Quadrajet ba ya son fiye da haka. Sukurorin silo biyu ka mayar da su ciki a hankali har su taɓa, ba ɗauri, ka fito da kowanne juyi biyu. Da geji a haɗe ka riƙa juya su kwata-kwata, daidai da juna, har zuƙa ta kai ƙololuwa. Silo 600 zuwa 650 a giyar D, wani yana taka birki.

Ɗan Damagaram

Baba, kyas-kyas ɗin da ya rage a hawa da rabin totur yake, don haka ina zargin gwangwanin distiributa. Wasu suna ƙara digiri 20, wanda ya yi wa wannan matsin yawa. A taƙaita shi a 10 zuwa 12, kuma a haɗa shi da zuƙar manifol kai tsaye, silo ya fi santsi injin ya fi sanyi a cunkoso.

Baba Kafireto

Taƙaitawar na yarda da ita. Wurin haɗawar kuwa sai an duba gwangwanin. In yana buƙatar inci 16 kafin ya gama ja, injin kuma a giyar D yana ba da 15, taimin zai riƙa kai da komo, silo ya koma lilo. Mai Chevelle, ka gwada shi da famfon zuƙa na hannu, ka rubuta incin da ya fara motsi da wanda ya tsaya. Ya gama ja da aƙalla inci biyu ƙasa da abin da injin ke bayarwa a D, sannan a haɗa da manifol. In bai kai ba, ka bar shi a kafar da ke saman totur har ka samo wanda ya dace. Ka kawo mana lambobin biyu tare da awon mai na mil 500 ɗin.